Ƙwallon Baba da Ban Gani Ba

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, mako biyu bayan an gama ɗaurin hatsi, a shekarar da nake aji shida a lekol ɗin unguwarmu, wato firamare, a Tanut. Mun kai mu goma sha biyar a filin ƙwallo, kowa da igiya a kafaɗa, muna jan tsofaffin buhuna da yagaggun barguna a kan rairayi, daga waɗannan sandunan gola zuwa waɗancan. Haka ake share fili a wurinmu idan kaka ta yi. Damina takan bar ƙarangiya ko'ina, tsintsiya kuma ba ta iya mata komai, sai dai a ja mata tsumma ta manne, a kai gefe a kakkaɓe, a sake jawowa. Mushe, malaminmu, shi ne ya turo mu, domin ran Lahadi tsofaffin 'yan wasan Tanut za su kara da tsofaffin garin Belbeji, kuma dattawan nan sun rantse ba mai sa takalmi, yadda suka yi a zamaninsu haka za su sake yi. Ƙarangiya ta cika mini wando, ta shige tsakanin yatsuna, rana ta dafa mini ƙeya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wahalar nan don wasu masu furfura muke sha, waɗanda za su zo su yi ta tuntuɓe da tumbinsu a gaban jama'a.

A gindin aduwar da ke bakin filin Baba Idi mai facin keke yake zaune, yana ɗinke ƙwallon da za a buga da basilla da zaren roba. Aminin mahaifina ne, shi ne kuma golan Tanut a da. Mutum ne da ba ya iya yin shiru idan ya ga yara. Ya ce mu ja da kyau, don ƙafafun da za su taka wurin nan sun fi na mutanen akwatinmu, wato 'yan wasan da muke kallo a tele. Nan gardama ta tashi, irin wadda ba ta ƙarewa a garin nan. Muka yar da igiyoyi muka kewaye shi, kowa yana ambaton gwaninsa na Turai. Baba Idi ya bari muka gama haushinmu, sannan ya ciji zare ya tofar, ya ce duk wanda muka lissafa, in aka cire masa takalmi aka ajiye shi a rairayin nan da tsakar rana, Jimina zai bar shi zaune yana neman ruwa. Jimina laƙabin mahaifina ne tun yana saurayi, saboda dogayen ƙafafunsa da gudunsa. Sai abokina Lawali ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce ai ga ɗansa nan, a tambaye shi.

Ni kuwa tun ina yaro bakina ya fi ƙafata gudu. A fili ba a zaɓata sai an rasa mutum, amma a gardama ba mai kai ni ƙasa, kuma ina ji da wannan sosai. Na gyara tsayuwa na ce, "Haba Baba Idi, ku daina cika mu da tatsuniya. Da wa suka yi wasan? Da makiyayan da ba su san inda gola take ba? Jiminan naku ko jakar takalman mutanen tele ba za a ba shi ya ɗauka ba. Ku dubi ƙafarsa mana, duk faso, kamar ta raƙumi!" Yara suka fashe da dariya, har wani yana faɗuwa ƙasa. Ina cikin jin daɗin kaina sai na ji dariyar ta yanke gaba ɗaya. Na waiwaya. Ga Baba mahaifina tsaye da amalanke cike da kara, linzamin jaki a hannunsa, bai fi taku biyar daga inda nake ba. Daga gona ya taso, ya ratso don ya gaida amininsa. Bayan zagin da na yi, na kuma kama laƙabinsa da bakina a bainar mutane, abin da ɗa mai tarbiyya ba ya yi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai dube ni ba. Ya gaida Baba Idi, ya tambaye shi aiki, ya karɓi ƙwallon ya danna da babban yatsa, ya ce iskar ta yi yawa a rage. Daga nan ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Rashin duban nan ba sabon abu ba ne tsakanina da shi, domin ni ne ɗan fari. Baba mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi fiye da duk iyayen abokaina. Bai taɓa kama sunana ba. "Wancan" nake, ko "yaron wajen Kaka", domin tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin mahaifiyarsa, a can nake ci, a can nake kwana. Idan yana son in yi abu, sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ko ya faɗa wa iska, ni kuma in tsinta. Zai tsaya tsakar gida ya ce, "Awakin nan ba su sha ruwa ba," sai in tashi in kwance su. Ƙanena Sani kuwa a wuya yake ɗaukarsa, ya sayo masa cuku a wurin Buzaye ran kasuwa, ya yi masa tamaula da tsumma da tsohuwar safa, har ya tsaya ya nuna masa yadda ake tare ta da ƙirji. Na san al'ada ce, Kaka ta sha gaya mini, kowa ma ya sani. Amma sanin kai daban, abin da zuciyar yaro ke ji daban. A raina na gama yanke cewa mutumin nan ba ya sona, don haka ni ma na ƙudura ba zan ga girmansa ba.

Aikina na kullum shi ne kai dabbobi rijiya da la'asar. Rijiyoyin ƙasarmu ta Damargu ba na wasa ba ne, sai an ɗaura wa jaki igiyar wasaki, wato babban gugan fata, an kora shi ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki. Ni ne mai korar jakin, in je in dawo, in je in dawo, har awaki da tumaki da ɗan bijiminmu su ƙoshi. Da damina ina bayan Baba a gona, shi yana gaba da hauya, ni ina tsince ciyawa. Da kaka in yi ta jigilar zangarniya zuwa inda ake ɗaurin dami, in an gama kuma mu bi gonaki muna kala. Duk shekarun nan abin da na fi gani a jikinsa shi ne ƙafafunsa, tunda a bayansa nake tafe kaina a sunkuye. Faffaɗan tafi, dunduniya a tsattsage, babban yatsan hagu ya karkace ya hau na kusa da shi. Idan ƙaya ta soke shi ba ya tsayawa, sai ya goga ƙafar a ƙasa ya ci gaba. Ban taɓa ganin ƙafafun nan sun taɓa ƙwallo na gaske ba, don ya bar wasa tun shekarar da aka haife ni.

A lokacin kuma aka buɗe gidan kallo na farko a unguwarmu, rumfar zana da benci da inji mai hayaƙi da wani faranti a sama yana kallon gabas. Wannan rumfa ta raba garin biyu. Dattawa 'yan rediyo ne. Gwanayensu na duniya a kunne suka san su, ba su taɓa ganin fuskarsu ba, amma za su rantse maka cewa tun da aka fara ƙwallo ba a yi kamarsu ba, kuma a cikin jerin nan sukan saka Jimina ba tare da sun ji wani nauyi ba. Suna cewa na yanzu ragwaye ne, a taɓa su kaɗan su kwanta suna birgima, an shimfiɗa musu ciyawa kamar dardumar ango. Mu kuma 'yan tele ne, mun gani da idonmu, kowannenmu ya ɗauki sunan wani ɗan wasa ya laƙa wa kansa, ya rubuta lamba da gawayi a bayan riga. Hujjarmu ɗaya ce, kuma muna ganin ba mai karya ta: a nuna mana. Na Turai ga su nan muna gani, har a maimaita cin a hankali. Na da kuwa ina hotonsu? Ba hoto, ba kofi, ba komai sai bakin Baba Idi.

Tun da aka fara shirin wasan tsofaffin ake bin Baba yana ƙi. Ya ce gwiwarsa ta dama ba ta da lafiya, ya ce mai iyali ba ya sa gajeren wando yana gudu a gaban surukansa. Har mutanen Belbeji sun aiko cewa in ba Jimina ba su ga amfanin hawa mota ba, bai canza magana ba. Amma washegarin ranar da na yi ɓaramɓaramar nan, bayan an sauko daga masallacin Juma'a, labari ya cika gari cewa Jimina ya ce a sa sunansa. Ni ban haɗa biyun ba ko kaɗan, wauta ta hana ni. Jira kawai nake a kira ni a zane ni, ko a aiko Kaka ta ja mini kunne. Shiru. Ran Asabar da safe na zagaya bayan rumbu zan ɗebo harawa, sai na hango shi shi kaɗai da tamaular Sani, ya tattare wandonsa zuwa gwiwa, yana ƙoƙarin ɗaga ta da ƙafa. Ya yi uku ta kuɓuce. Ya sake, ta kuɓuce. Ya ɗan ruga da ita taku goma, ya tsaya ya dafa rumbu yana haki. Na koma da baya a hankali. Abin da na hango kawai shi ne gobe gari duka zai yi wa ubana dariya, Lawali kuma zai riƙa nuna ni da baki har mu gama lekol.

Ran Lahadi da hantsi muna tsakar gida. Kaka tana shafa wa Baba man shanu a gwiwa tana mita, Inna tana daka, ni ina gefe ina gyaran igiyar jaki. Sai ya kira Sani ya ce, "Yau kai za ka bi 'ya'yan maƙwabta ka kai dabbobi rijiya da wuri. Wancan ya huta." Ya juya yana kallon katanga, sannan ya ƙara da cewa, "An ce in an yi la'asar tsofaffi za su yi shirme a fili. Mai son dariya ya je ya yi." Ya tashi ya shige ɗaki. Yau da na girma na san abin da aka faɗa a wurin nan. Mutumin da bai taɓa ɗauke mini aikin rijiya ba, ko ran Sallah, ya ɗauke shi. Mutumin da bakinsa ba zai iya cewa zo ka gan ni ba, ya faɗa ta hanya ɗaya tak da al'ada ta bar masa. Amma ni a ranar gatse na ji. Na ɗauka ƙwace mini aikin ya yi don ya nuna ba ya bukatata, maganar dariyar kuma na ɗauka habaici ne a kan abin da na yi ran Alhamis. Na cika na yi fam. Na ce a raina to ba zan je ba, a yi dariyar ba da ni ba.

Da aka yi la'asar gari ya ɗunguma zuwa fili. Motar Belbeji ta iso tun azahar da makaɗa a samanta, mata sun ci ado, masu ƙosai da masu rake sun riga kowa. Ni kuma na bi ta lungu, na ɗauki ɗan hatsin da na samu a kala na miƙa wa mai gidan kallo a madadin kuɗin shiga, na shige rumfa. Ana nuna wani wasan Turai. Ranar da aka saba cika har ana hawa kan juna, mu biyar ne kacal. Na zauna a bencin gaba, wurin da ban taɓa samu ba, ina ta gaya wa kaina cewa ni ne mai wayo. Can sai muka ji ihu daga wajen fili, ihun dariya, har ya danne ƙarar inji. Na ce shi ke nan, ya faɗi. Na ƙara dunƙulewa. Aka jima aka sake wata dariyar. Mutum biyu suka fita su gano. Sai kuma, wajen da rana ta fara ja, wata irin ƙara ta tashi wadda ban taɓa jin irinta a Tanut ba, kamar an buɗe bakin garin duka lokaci guda, ga guɗa, ga ganguna. Sauran biyun suka zabura. Mai gidan kallo da kansa ya leƙa, ya ce in kula masa da inji, ya ruga ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na zauna ni kaɗai da akwati, Turawa suna ta guje-gujensu a kan ciyawa. Wallahi har yau ban san su waye suka buga ba, ban san wa ya ci ba.

Da na gaji da zama na fito bakin hanya, sai ga taro ya nufo unguwarmu. A tsakiya amalanken Baba ne, amma ba jaki, samari ne suke ja, har da na Belbeji. Yana zaune a kai cikin wani tsohon gajeren wando, jikinsa duk rairayi, gwiwarsa ta dama ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, an ɗaure ta da rawanin wani. Yara suna tsalle suna kiran Jimina, Jimina, cikinsu har da Lawali, muryarsa ta dushe. Na kutsa cikinsu na bi ayari kamar da ni aka taso. Ina lura da Baba. Ana ta miƙo masa hannu yana karɓa, amma idonsa yana kan yara, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kaina sai ya kawar da kai da sauri, yadda ya saba. A ƙofar gida, ana sauke shi, na ji ya tambayi Baba Idi ƙasa-ƙasa ko yaran duk sun je. Baba Idi ya dube ni, dubawar da ta sa na raina kaina, sannan ya ce, "Duk sun je. Har wancan, ina hango shi gindin aduwa yana tsalle." Dama ce aka ba ni in ce a'a. Na sunkuyar da kai na yi shiru, shirun nan kuma ya zama e.

Da magariba Kaka ta ajiye mini tuwo ta zauna kusa da ni tana murmushi, ita ma ta gaskata. Ta ce, "To, mai baki, ka gani da idonka ko? Shekara goma sha biyu ana roƙonsa ya ƙi. Don kai ya shiga, ja'iri." Na ajiye lomar da ke hannuna. A lokacin ne na haɗa Alhamis da Juma'a da maganar safe, komai ya fito fili, amma ya riga ya wuce. Na ce mata cikina ke ciwo, na ture akushin.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Mai ɗori ya yi nasa, daga baya aka kai shi Damagaram, likita ya ce jijiya ce ta tsinke. Tun daga ranar da sanda yake tafiya. Daminar da ta biyo ni na shiga gaba da hauya, shi yana baya yana tsince ciyawa a zaune, yana ja da gindi daga kunya zuwa kunya. Bai taɓa cewa wasan ne ya jawo masa ba, balle ya ce wani ne sanadi. Ni kuwa na shiga tara labarin ƙwallon da ya ci ranar daga bakin mutane, a ɓoye, kamar mai tsintar abin da ya sata ya zubar. Ba na tambaya, don wanda ya gani ba ya tambaya. Sai dai in ce, "Kai, ka tuna lokacin da ya juya?" in bar mutum ya ƙarasa mini. Da haka na ji cewa da farko ya faɗi har sau biyu, an yi ta dariya, shi ma yana yi. Na ji cewa ana dab da tashi aka ɗago masa ƙwallo daga gefe, ya tare da ƙirji, ya zura ta tsakanin ƙafafun wani ƙaton mahauci na Belbeji, ya buɗe dogayen ƙafafun nan ya yanke mutum biyu, ya ɗirka ta da hagu tun daga nesa, ta shige ƙarƙashin sanda gola yana tsaye. A dirowar ne gwiwar ta tafi.

Cikin shekara guda na fi duk wanda ya je filin iya ba da labarin. Na san inda zan tsaya in ja numfashi, na san yadda zan kwaikwayi mahaucin yana dube-dube tsakanin ƙafafunsa. Mutum biyun da ya yanke suka zama uku, suka zama biyar. Da na tafi kolej, sannan na fara aiki a Damagaram, duk inda aka zauna shan shayi aka tayar da gardamar wa ya fi wa, na da ko na yanzu, sai in bari a gaji, sannan in ce duk ku saurara, akwai wani a Tanut. In ƙare da cewa da idona na gani. Na rantse a kan haka ba sau ɗaya ba, Allah Ya yafe mini. Baba Idi ya rasu bai tona ni ba, Kaka ta rasu ba ta sani ba. Har na fara mantawa cewa ƙarya nake yi, don in na rufe ido ina ganin filin sarai, har da inuwar aduwar da aka ce a nan na tsaya.

Bara da Sallar Layya na kai iyalina gida. Ɗana na fari, Nasiru, shekararsa goma, ni kuwa sunansa nake kira gatsal, har cinyata yake hawa, zamani ya canza. Tsakaninsa da kakansa sai wasa da tsokana, kamar yadda jika da kaka suka saba. Da hantsi muna zaune a zaure, Baba ya miƙe ƙafa a kan tabarma, Nasiru ya manna masa waya a fuska yana nuna masa cin wani gwaninsa. Ya ce, "Tsoho, an ce kai ma ka yi ƙwallo. Tsakaninka da wannan wa ya fi?" Baba ya yi dariya ya ce shi da ko tsayuwa ba ya iyawa. Sai bakin nan nawa ya motsa. Na ce wa yaron ya ajiye wayar ya ji abin da ba ya cikinta. Na zuba labarin tun daga farko, ban taɓa ba da shi a gaban Baba ba sai ranar. Na tashi tsaye, na tare da ƙirji, na yanke mutum biyar, na ɗirka da hagu har takalmina ya fita. Nasiru ya saki baki yana kallon kakansa kamar yau ya fara ganinsa.

Baba ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, fuskarsa da murmushi. Bai dube ni ba. Ya jawo Nasiru ya dafa kansa, ya ce, "Babanka ya iya labari. Da ya je ranar, da ya ga ban kai haka ba."

Ba faɗa a muryarsa, ba gori. Ya ci gaba da jan carbinsa, ya tambayi yaron ko an ba ragon ruwa. Ashe ya sani. Ya sani tun a kan amalanken, ko tun yana cikin fili yana waiwayen inda yara suke. Shekara ashirin da wani abu ya bar ni da ƙaryata don kada in ji kunya, ni da na tsaya a gaban yara na kunyata shi. Nasiru ya juyo yana tambayata wai da gaske ban je ba. Na ɗauki takalmina na fita wai zan duba ragon, na tsaya bayan gida ina kuka, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Na so in koma in durƙusa in ce Baba ka yafe mini, amma ni da shi ba mu taɓa yin magana kai tsaye ba, ban san ta inda ake farawa ba. Har muka dawo Damagaram ban faɗa ba.

Yanzu a Tanut ko wasan yara ake yi a lungu sai ka ga wayoyi a sama, kowane ci an ɗauke shi, kafin magariba ya kai Agadas da Kano. Nasiru yana iya zama ya jera gwanayen da da na yanzu a tafin hannunsa, ya kalli kowanne sau hamsin, ya yanke hukuncinsa. Waɗanda suka ga Baba a ƙuruciyarsa kuwa saura ƙalilan, duk shekara sai an rage, kuma in sun tafi ba inda za a je a duba. A wurin shayi har gobe ana gardamar, wani ya ce na da, wani ya ce na yanzu, wani lokaci a juyo a ce in kawo labarin mutumin Tanut. Sai in ce su ci gaba, ni ba ni da shaida. Sau ɗaya aka taɓa buga wasa domina a duniya, ni kuwa ina can ina kallon na wasu.